Kowa Ya Sa Hannunsa a Baya

Kafin in ce komai, ku da kuka wanke Mai Usur soso da sabulu a ƙarƙashin rubutuna na baya, ku taso mu je neman yafiya tare, don ni na ɗauko waƙar kuka amsa. Wata har cewa ta yi in da ita ce, ko gaisuwarsa ba za ta ƙara amsawa ba. 'Yar'uwa, na bi shawararki, kuma saura ƙiris ta kai ni ta baro. Yau dai ina rubutun nan ina murmushi ni kaɗai, duk da idona bai gama bushewa ba.

Waɗanda yau suka fara shigowa, bari in ɗan koma da ku baya. Ni ce auta a gidanmu, tela ce, ina ɗinki a wani shago a bakin titinmu. Tun rasuwar Mama, daga ni sai Baba sai ƙanwarsa Gwaggo a gidan. Yayana yana aiki a wani gari mai nisa, ta waya yake mulkinmu. Baba kafinta ne, shagonsa a jikin gida yake, rabin kujerun unguwar nan aikin hannunsa ne. Ya haura saba'in, shi da ciwon suga sun daɗe suna lallaɓa juna. Sai bara jiri ya ɗebe shi ya faɗi a banɗaki. Bai karye ba, amma daga ranar muka mayar da shi ƙwai a cokali.

So muka nuna masa, ba na wasa ba. Yaya ya aiko da wata ƙatuwar kujerar kushin mai laushi, wadda in ka zauna sai ta haɗiye ka har gwiwoyinka su nemi haɓarka. Aka kafa ta a falo gaban talabijin, aka dasa Baba a ciki. Ni na zama hannunsa da ƙafarsa. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, na riga shi. Ya yunƙura zai tashi, na cusa hannuwana a hammatarsa na ɗago. Gwaggo kuma ta ƙwace kicin ta kafa dokar ta-ɓaci: ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba wake, sai dafaffen kabeji da ganye da 'yar shinkafar da ko kaza za ta raina. Duk abin da ta ji wata ta ce yana tayar da suga, a mota ne ko a layin asibiti, washegari ya bar tukunyarmu.

Baba ya yi ta zubewa a gabanmu. Agogonsa da ke kama hannu ya koma sulalewa har gwiwar hannu in ya ɗaga. Da kaina na rage masa ƙugun wando, na sake ragewa, ina taka keke ina ce wa kaina ai ciwon ne.

Shi kuwa Mai Usur malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, haka na sa sunansa a wayata saboda usur ɗin da ba ya barin wuyansa. Gwaggo malamin tsalle-tsalle take ce masa. Ya daɗe yana nemana da aure, ni kuma na gaya masa a ƙofar gida cewa muddin Baba na buƙatar mai ɗaga shi, ba inda za ni. Ya ce zai jira.

Abin da ya haɗa mu faɗa kun sani. Ya shigo gaida Baba, Baba ya yunƙura zai miƙe ya ba shi hannu, kujerar ta riƙe shi. Ni ina ɗauke da tire. Mutumin nan yana tsaye dab da shi, hannunsa a buɗe kusa da bayan Baba, amma ko taɓa shi bai yi ba. Sai cewa ya yi, "Baba, ku matso bakin kujerar. Ku ja ƙafafunku baya." Baba ya yi ta kokawa har ya koma ya zube yana haki. Gwaggo ta yi tsalle ta dire.

"Ƙato da kai, dattijo na fama kana ba shi umarni kamar ɗan aji ɗaya? Fice mana daga gida, marar tarbiyya!"

A ranar na toshe lambarsa. A nan na tsaya muku wancan karon.

To, ba a kwana biyu ba Gwaggo ta kai wa Yaya rahoto, da gishiri da yaji. Ya kira, ya ce in sa a sifika kowa ya ji.

"Auta, na gaji da wannan fargabar. In na samu hutu zan zo da mota in ɗauki Baba. Akwai ɗaki a wajena, zan samo mai kula da shi. Shagon nan a kwashe a ba wani. Ke ma ki huta ki yi aurenki, da wanda ya san darajar manya."

Gidan Yaya a hawa na uku yake, ba tsakar gida, ba maƙwabcin da ya san Baba. Duk wanda ya hau da shi can, na san ba saukowa. Baba yana jin komai, sai ya juya fuskarsa wajen tagar da ke kallon ƙofar shagonsa. Daga ranar kabejin ma sai ya tsakura ya ture kwanon.

Ina shago ina kafa hannun wata riga saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba.

"Ni ne. Don Allah kar ki toshe wannan, wayar ƙanwata ce, kashe ni za ta yi."

Na yi tsaki. Wani ya sake faɗowa.

"Ban ƙi ɗaga Baba don raini ba. Amma na yi a gaban mutane, ban kuma nemi izinin kowa ba. Wannan laifina ne, ki yi haƙuri."

"Ni ba likita ba ne. Ranar asibitinsa ki gaya wa likita duk abin da yake ci daga safe zuwa dare, kar ki rage komai. Ki gaya mata rabonsa da tashi da kansa. In ta ce ku ke da gaskiya, ba za ki ƙara jin bakina ba."

Na kife wayar a kan yadi, na sake ɗauka. Na rubuta masa jawabi mai tsawo na goge. Daga ƙarshe "Na gani" kawai na tura, don kar ya ga kamar ya ci.

Likitar Baba mace ce, gajeriya, mai saurin magana. Da gadara na shiga, na zayyana mata irin takatsantsan ɗin da muke yi, ina jiran a ce min sannu da ƙoƙari. Sai na ga ta ajiye biro.

"Wa ya hana shi ƙwai?"

"Gwaggo ce."

"Ita Gwaggon a wane asibiti take aiki?"

Baba ya tuntsire da dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa na manta.

Ta ba shi yatsunta ta ce ya matse iya ƙarfinsa. Ta ce ya tashi daga kujera ba tare da an taɓa shi ba, ya kasa. Ta dafa cinyarsa ta ce min in zo in taɓa, na taɓa na ji ƙashi da fata.

"Kin ji? Tsoka ce ta tafi. Tsufa yana cin tsoka, suga tana ci, zama wuri ɗaya yana ci, ku kuma kun hana shi abin da zai mayar da ita. Garin neman gira za ku rasa ido."

Ta karɓi na'urar gwajin sugarsa ta duba lambobin baya, ta girgiza kai. Wai jirin da yake yawan yi da hantsi ba hawa sugar take ba, sauka take yi, don yana shan maganinsa na da a kan cikin da ba komai. Na kasa haɗa ido da Baba. Ta sa aka duba ƙodarsa, da aka ga lafiya lau ta rage masa magani ɗaya, ta ce duk abincin da zai ci a samu mai gina jiki a ciki, ƙwai ko kifi ko wake ko nama ko madara marar suga, ga ganye, ga ɗan abin hatsi daidai misali, kuma kar a kuskura ya tsallake abinci. Sannan ta tura mu sashen masu gashin ƙashi. Can wata mata ta koya masa motsi kala-kala, ta rubuta mana su a takarda, ta ba mu wata jar roba mai faɗi da ake ja tana ja da mutum. Ta ce a yi yau a huta gobe, a gwada suga kafin a fara, alewa a aljihu, takalmi a ƙafa, a duba tafin ƙafarsa in an gama.

"Kuma a samu wanda zai tsaya kusa da shi," in ji ta, tana kallona. "Amma mai iya danne zuciyarsa. Ke na ga alama ba za ki iya ba."

A cikin tasi muna komawa, Baba yana riƙe da robar a cinyarsa, ya ce, "Auta, yaron nan mai usur, har yanzu fushi kike da shi?"

"Baba, ai shi ya..."

"A shekarar nan kaf, shi kaɗai ya kalle ni kamar mai ƙafa."

Na juya ina kallon titi don kar ya ga idona. Muna isa gida na shige ɗaki, na haɗiye girman kai na buɗe lambar Mai Usur na kira. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Ka san ko wace ce."

"Muryar dai ta yi kama da ta wata da ta toshe ni."

"In ka gama, Baba na nemanka. Ba ni ba, Baba."

"To, na ji. Ki ce wa Baba ina tafe, in kuma 'yarsa na gida ina gaishe ta."

Washegari da la'asar ya zo, da rigarsa mai gajeren hannu da takalmin kambas, usur ɗin a wuya. Ya karanta takardar matar asibiti tsaf, ya ce abin da ke ciki kawai za a yi, ba ƙari. Baba ya ce in buɗe shagonsa. Ƙamshin katako ya buso, ga zarto da guduma a rataye inda ya bar su. Ya nuna wata kujera a lungu, ta katako zalla, mai tsayi, mai wurin dafa hannu.

"Waccan za ku ɗauko min. Ni na ƙera ta, ba ta haɗiye mutum."

Aka jingina ta da bango a tsakar gida. Mai Usur ya fara, "Baba, ku matso..."

"Kai, bar ku ɗin nan. Mu nawa ne a kujerar? A nan kai ne malami."

Sai Mai Usur ya juyo gare mu, ni da Gwaggo da ke tsaye a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu. "Doka ɗaya ce. In ana wannan aikin, kowa ya sa hannunsa a baya. In zai faɗi ni zan tare, in ba faɗuwa ba ce ba mai taɓa shi."

Jama'a, ban taɓa sanin ƙin taimako yana da wuya haka ba. Baba ya dafa hannun kujera, jijiyoyin wuyansa suka tashi, cinyoyinsa na rawa, ya ɗago kaɗan ya koma. Ya sake. Ni ina tsaye hannuwana a baya, farcena ya nutse a tafin hannuna. Duk jikina cewa yake je ki ɗaga ubanki. Da ya samu ya miƙe da ƙyar ya koma ya zauna a hankali, na ce zan duba tukunya, na shiga kicin na yi kukana na wanke fuska.

Haka aka yi ta yi, yau a yi gobe a huta. A tashi a zauna. A ɗaura robar a ginshiƙin rumfa, Baba ya ja ta zuwa ƙirjinsa ya sake ta sannu. A sa ta a gwiwoyinsa ya buɗa. Ya dafa teburin aikinsa ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa. Ya ɗaga ƙananan gorunan ruwa yana mita.

"Ni da nake saɓa ƙyauren katako ni kaɗai, yau gorar ruwa ke min gardama. Duniya ke nan."

"Baba, a rage surutu a ƙara numfashi," in ji Mai Usur.

"Ka ji yaro. Ka bari in warke tukuna, za mu yi lissafi."

Gwaggo kuwa yaƙi ta ɗaura. Rana ɗaya robar ta yi ɓatan dabo, muka birkice gida, ashe ta ɗaure bakin buhun shinkafa da ita. In na soya ƙwai sai ta wuce tana cewa, "Ku kashe shi ku huta." Don haka ni nake haɗa masa karin kumallo kafin in fita, in tsaya har ya cinye.

Sai wata Asabar ɗinki ya yi min yawa na fita da sassafe. Na bar dafaffen ƙwai da burodi da madara a rufe, na roƙi Gwaggo ta ba shi. Wajen hantsi wayata ta yi ƙara.

"Kar ki tsorata, ya dawo daidai," in ji Mai Usur. "Amma ki zo gida."

Da tef ɗin awo a wuyana na fita a guje, mayafina a hannu. Ashe da ya iso ya tarar da Baba yana gumi, hannunsa na karkarwa, magana na fita da ƙyar. Ya gwada suga ya ga ta faɗi ƙasa, ya ba shi alewa, da ya ɗan farfaɗo ya ba shi abincin da na bari. Gwaggo ruwan shayi kawai ta ba shi da magani, ta ɓoye sauran a bayan tukwane.

Ban san sanda na ɗaga mata murya ba. Na faɗi maganganun da ban taɓa gaya wa babba ba. Ina jiran ta hayayyaƙo min, sai na ga ta zauna daɓas a ƙasan kicin ta rufe fuska da gefen zaninta.

"Ke ba ki gani ba," ta ce cikin kuka. "Uwarmu suga ce ta ci ƙafarta. Ina riƙe da hannunta aka shiga da ita aka yanke. Ita ba ta ƙin komai, duk abin da ta samu ci take. Na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara ganin irin wannan ba. Shi kaɗai ya rage min a duniya."

Duk fushina ya zube, kunya ta kama ni. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Daga tsakar gida Baba ya ɗaga murya yana kiran Gwaggo, "Ke, taso nan. Na san don ni kike yi. Amma yunwa ma kisa take, kuma ta fi suga sauri."

Mai Usur ne ya kawo dabarar da ta kashe wutar. Ya ce Gwaggo ta raka mu asibiti ta yi wa likita duk tambayar da ke ranta, kuma daga yau na'urar gwaji a hannunta za ta zauna, ba mai fara motsa jiki sai ta gwada ta ba da izini. Kun san Gwaggo da son muƙami. Ta ɗinka wa na'urar jaka, ta rataya a wuya. Yanzu ita ke dafa ƙwan, ita ke gasa kifin, tana yi tana sanar da duniya cewa don likita take yi, ba don malamin tsalle-tsalle ba.

Kar ku ɗauka abin ya zo kamar a mafarki. Makonni suka wuce ban ga komai ba sai ciwon cinya da mita. Sannan ƙananan abubuwa suka fara ɓullowa. Ya ɗauki butarsa da kansa. Ya je banɗaki yana dafa bango ban sani ba sai da na ji ƙarar ƙofa. Gorunan ruwan da yake ɗagawa suka koma ledar ƙusoshi. Wata rana na dawo na tarar da garin katako a gaban rigarsa, na tambaya ya ce iska ce ta kwaso. Daga kujerar katako yana tashi, wani lokacin ko dafawa ba ya yi. Amma daga kushin ɗin Yaya bai taɓa iyawa ba, har muka daina zaunar da shi a ciki.

Yau da safe Yaya ya iso.

Tun da asuba Baba ya yi wanka, ya sa farar rigarsa mai aljihu biyu da na goge masa, ya ci ƙwai da wake, Gwaggo ta gwada suga ta ce lafiya. Sai kawai ya nufi kushin ɗin ya zauna, ya nutse.

"Baba, ba nan ba!" na ce. "Ga taka ta katako."

"A cikinta ya bar ni, a cikinta zai same ni."

Na shige ɗaki na tura wa Mai Usur saƙo, don ba mu gayyace shi ba, Yaya ko sunansa ba ya son ji.

"Ya zauna a kushin. Ya ƙi tashi. Na shiga uku."

"Ya ci abinci?"

"Ya ci."

"To ki tsaya kusa da shi ta gefen hagu. Hannu a baya."

Na sa doguwar rigata ruwan toka na yafa mayafi, na fito daidai lokacin da Yaya ke shigowa yana ƙamshin turare, yana turo sabon keken marasa lafiya da ledarsa ba a cire ba. Aka gaisa, aka sha ruwa. Ya ce hanya da nisa, in haɗa kayan Baba. Sannan ya naɗe hannun riga ya sunkuya zai ɗauke shi.

"Dakata," in ji Baba.

Ya ja jikinsa zuwa bakin kujerar, kaɗan-kaɗan. Ya ja ƙafafunsa baya. Ya dafa gwiwoyinsa, ya sunkuyo da kai gaba, ya yunƙura. Ya ɗago kamar zai yi, sai kushin ɗin ya ja shi ya koma ya faɗa ciki. Yaya ya zabura da hannu biyu, sai ji muka yi ƙwas! Gwaggo ta sauke masa cokalin miya a bayan hannu.

"Hannu a baya!"

"Gwaggo, faɗuwa fa zai..."

"Na ce hannu a baya. Nan gidan haka ake yi."

Yaya ya tsaya baki buɗe yana murza hannu. Baba ya huta, ya ja numfashi, ya sake matsowa. Falon ya yi tsit, har ƙarar firij nake ji daga kicin. Cinyoyinsa suka yi rawa, ya tsaya a rabi, ba sama ba ƙasa, na rufe ido na buɗe. Sai na ga yana ta miƙewa, yana miƙewa, har ya tsaya cak. Wallahi na manta Baba ya fi Yaya tsawo. Sai yau da na ga Yaya ya ɗaga kai yana kallonsa na tuna.

Baba ya taka a hankali har wajen keken. Ya kama shi ya jijjiga, ya karkata kai ya leƙa ƙasansa, irin yadda yake wa aikin yaran shago.

"Ƙafar hagu na rawa. Ka mayar musu, aikin gaggawa ne."

Yaya ya nemi wuri ya zauna, ya rufe fuska da tafukansa. Da ya yi magana muryarsa ba ta mai mulki ba ce.

"Baba, tsoro nake ji. Kullum wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in ce ka sake faɗuwa ina nesa."

"Zan iya sake faɗuwa, ban ce maka na koma saurayi ba. Amma in zan faɗi, ka bar ni in faɗi a gidana. Ka bar min shagona."

Yaya ya ɗago ya kalli Baba. Daga baya ya ce to, amma sai an kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, kuma ba fashin asibiti. Baba ya ce ya yarda, da sharaɗin shi zai auna inda za a kafa, don bai yarda da awon 'yan zamani ba. Gwaggo ta koma kicin tana share ido tana cewa albasa ce. Ni kuwa na saki wata ajiyar zuciya da na fi shekara ina riƙe da ita. Sai lokacin na lura hannuwana na nan a baya, sun yi tsami.

Bayan an ci abinci Yaya ya shiga ɗaki ya kwanta gajiyar hanya. Saƙon Mai Usur ya shigo wayata.

"Ina bakin titi tun ɗazu, na kasa zama a gida. Yaya aka yi?"

Kafin in ba da amsa Baba ya ce, "Shi ne? Ce masa ya ƙaraso ƙofa." Na tura. Sai ya nuna min gefensa ya ce in zauna.

"Auta, kina tsammanin don Yayanki na yi ta jan robar nan?"

"Don shagonka ne, Baba."

"Har da shi. Amma ranar da kika tsaya a ƙofar gida kika ce wa yaron nan muddin ina buƙatar mai ɗaga ni ba inda za ki, tagar nan a buɗe take. Na ji da kunnena. Tun ranar abinci ya fita raina, ba kabejin Gwaggonki ne kaɗai ba." Ya kalle ni sosai. "Ban haife ki don ki zama sandata ba."

Hawaye kawai ke zuba a kan rigata. Aka yi sallama a waje. Na zabura zan tashi.

"Zauna. Wannan maganar tawa ce da shi."

Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya taka har ƙofa, ya buɗe da hannunsa ya fita ya ja ta ya rufe.

Yanzu haka ina maƙale a bayan labule, da wayar nan a hannu nake rubuto muku. Ba na jin abin da suke cewa. Mai Usur ya cire usur ɗin ya cusa a aljihu, ya durƙusa kansa a ƙasa, Baba na magana yana nuna shi da yatsa, sau ɗaya ma ya nuno tagar da nake. Shayin da na zuba ya huce tun tuni, har yanzu ba su gama ba, kuma Baba bai nemi a kawo masa kujera ba.